Shekarar da Tallafi Ya Tsaya a Birni

Ku da kuka fito makarantar koyon jinya kwanan nan, ina jin hirarku tun ranar da aka ce gwamnati za ta zuba tallafi a wuraren kula da masu shaye-shaye na manyan birane. Kowa so yake a tura shi can. Har na ji ɗayanku yana cewa ai aikin ba shi da wuya: a danne mutum, a tsira masa allura, in ya dawo hayyacinsa a yi masa nasiha a sallame shi. To ku gyara zama. Ni a wannan aiki na yi furfura, nan Azare, kuma na ga zuwan irin wannan tallafi tun ba a haifi wasunku ba. Bari in gaya muku yadda ya same mu.

A farkon shekarun tamanin aka turo ni asibiti ina sabon nas, farar rigata ko ɗigon datti babu. Aka ce in je ɗakin baya. Wani dogon ɗaki ne can ƙarshen asibiti, bayan wurin wanki, inda ba mai bi sai da dalili. Mutanen gari ɗakin mahaukata suke ce masa, alhali yawancin waɗanda ke kwance a ciki abin da suka haɗiya ko suka zuƙa ne ya kawo su. Mai kula da ɗakin wani tsohon nas ne, Malam Buba, Bafulatanin Shira, siriri, mai magana ƙasa-ƙasa kamar yana tsoron tayar da jariri.

Aikin farko da Malam Buba ya ba ni yankan farce ne. Ya miƙo mini ɗan almakashi, ya nuna mini wani ƙato da ke zaune a bakin gado yana zare ido.

Na ce, "Malam, ni fa jinya na karanta."

Ya ce, "Na sani, Idi. Je ka yanke masa."

Na je a tsaye na cafko hannun mutumin kamar na kama ƙafar akuya. Kafin in ankara ya ture ni na faɗa kan bokiti. Malam Buba ko murya bai ɗaga ba. Ya jawo kujera 'yar tsugunno ya zauna ƙasa da mutumin, ya gaishe shi, ya tambayi garinsu da yadda geron bana ya yi. Can sai ga mutumin ya miƙo hannu da kansa. Da muka fito Malam ya ce da ni da Fillanci, "Sese-sese," wato a hankali a hankali. Ya ce, "Wanda ya yarda ya ba ka hannunsa kana riƙe da ƙarfe, zai karɓi magani a hannunka. Kuma baki yana ƙarya, hannu ba ya yi."

Gaskiyarsa. A wurin yankan farce na koyi karatun hannu. Mai wiwi za ka ga ƙuna a kan 'yan yatsunsa. Mai giya hannunsa rawa yake da safe, ko kofi ba ya iya riƙewa. Mai shaƙar sholisho, wato ruwan gam ɗin da masu facin taya ke amfani da shi, a bakin hannun rigarsa za ka ji warin. Mai ƙwaya kuwa ya ciccije farcen, tafin hannunsa sharkaf da gumi, ga susa ta yi masa zane-zane a damtse. Kafin dangi su gama rantsuwar cewa ɗansu jifa aka yi masa, kai ka riga ka san abin da yake sha.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Sirinjin gilashi ne da muke tafasawa a tukunya a kan risho, da kabad ɗin magani, da tabarma, da butar shayi. Kada ku raina butar nan, ta kwantar da mutane fiye da allura. Sauran kayan aikin a jikinka suke. Kafin ka shiga ka cire biro daga aljihu. Kada ka tsaya tsakanin mutum da ƙofa, kada kuma ka bari ya shiga tsakaninka da ita. Abincin da dangi suka kawo sai ka duba shi, har dawon fura sai ka fasa, don na sha tsintar ƙwaya a cikinsa. Kuma sau da yawa uwa ce ta sa, tausayi ya hana ta ganin ɗanta yana makyarkyata. Ba zagin ta za ka yi ba. Zaunar da ita za ka yi ka nuna mata abin da take ciyar da shi.

Masu zuwa mana kuwa iri-iri ne. Da damina 'yan ƙwadagon noma ne, waɗanda ke haɗiyar ƙwaya don su nome gonar da ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Da kaka, in aka shiga bukukuwa, samarin da aka zuba wa zaƙami a kunu. Akwai ma'aikatan ofis da kwalba ta ci albashinsu, akwai matan aure da ake shigo da su ta ƙofar baya a lulluɓe. Sai kuma direbobin dogon zango. A cikinsu ne Haruna yake, kuma labarinsa zan ba ku, don a kansa na ga amfanin tallafi da kuma inda ya tsaya.

Wata ranar kasuwa da hantsi ina tafasa sirinji sai ga babbar mota ta shigo har bakin ɗakinmu. Wata mata ta diro daga gaba, ɗankwalinta a hannu. Alhaja Sikira ce, Bayarabiya 'yar kasuwa da ta daɗe a Azare har Hausa ta zauna a bakinta. Motarta ke kai wake Kudu ta dawo da goro da manja. A bayan motar, a kan buhuna, ga direbanta Haruna, mutumin Giade, ɗaure tamau da igiyar ɗaure kaya.

Ta ce, "Likita, ka taimake ni." Haka mutane ke kiranmu, ko da mu nas ne. "Yaron nan ɗana ne, tun yana yaron mota yake wurina. Yau ya iso bakin gari ya tsayar da mota a tsakiyar titi, ya hau kan kaya da sifana a hannu, wai wasu mutane na bin shi tun daga Kudu za su yanka shi. Da ƙyar 'yan tasha suka sauko da shi."

Malam Buba ya dube ni ya ce, "Naka ne."

Na sa kowa ya ja baya. Na hau motar na zauna a kan buhu, ɗan nesa da shi. Na ce, "Direba, sannu da hanya."

Ya ɗago jajayen idanu ya ce, "Suna nan?"

Ku riƙe wannan. In ka ce masa eh suna nan, ka ƙara wa wuta mai. In ka ce ƙarya yake, ka zama ɗaya daga cikinsu. Sai na ce, "Ni ban gan su ba. Amma na ga ka gaji ƙwarai. Ɗakin can ba mai shiga sai da izinina. In kwance maka ƙafa ka shiga da kanka?"

Ya gyaɗa kai. Ƙafar na fara kwancewa, don mutumin da ya shiga da ƙafarsa daban yake da wanda aka shigar a ɗauke. Ya sauko yana layi, ya shiga, ya sha shayi, ya karɓi allura.

Ya yi barci kamar ba zai tashi ba. Da ya tashi ya ci abinci kamar fara ta sauka a gona. Bayan nan sai baƙin ciki ya rufe shi, ya juya wa kowa baya. A nan ne sababbin ma'aikata ke sakin jiki, suna ganin mutum ya yi laushi, alhali a nan ya fi bukatar ido. Sannu a hankali ya buɗe baki. Ya ce wata ƙwaya ce da ake sayarwa a tashoshi, direbobi na ce mata a-ji-garau. In ka haɗiya, hanya sai ta zama kamar tabarma, barci ya gudu. Da ɗaya ya fara, har ta kai ba ya lissafi.

Da ya murmure muka yi masa nasiha, ya yi rantsuwa, muka sallame shi. Ya koma motarsa da hanyarsa. Iyakar abin da muka sani ke nan a lokacin: mu wanke mutum tas, mu mayar da shi cikin taɓon da ya fito.

Bayan 'yan shekaru muka ji a rediyo cewa gwamnati ta ware tallafi don inganta kula da masu shaye-shaye. Murna a ɗakin baya ba a magana. Har farar ƙasa muka shafa wa bango, muna jiran baƙi. Da bayani ya iso sai muka ji ashe a manyan birane za a yi aikin. Likitan da ke leƙo mu lokaci-lokaci aka mayar da shi can. Maganin da ake turo mana aka juya akalarsa can. Mu kuma aka ce duk wanda aka kawo mana mu tura shi birni. A wannan shekarar Malam Buba ya yi ritaya ya koma Shira wurin shanunsa, aka bar ni da ɗaki da kabad da babu komai a ciki sai maganin ciwon kai.

Ita ce muguwar shekarata a wannan aiki. Ga tsadar rayuwa, ga ruwa ya ɗauke da wuri. Kuma in rayuwa ta yi tsanani masu shan ƙwaya ƙaruwa suke yi. Ka dubi manomin Yana a tsakiyar damina ka ce masa ya bar gona ya kai ɗansa birni, ya zauna jinya a garin da bai san kowa ba. Zai ce maka, "To, Likita, Allah ya saka." Yana fita sai gidan mari, inda za a sa wa ɗan nasa sarƙa a ƙafa. Wasu an dawo mini da su idon sawunsu ya ruɓe, ni kuma abin da zan iya kawai wankin ciwo. Akwai wani ɗan ƙwadago daga wajen Shira da na tura birni, ba a kai shi ba. Daga baya na ji a rijiya aka tsince shi.

A cikin wannan hali aka dawo da Haruna. Wannan karon da azahar ne, a kan tabarma, jikinsa yana jijjiga, bakinsa yana kumfa. Tare da shi akwai Alhaja da mahaifinsa, Malam Jibo, wani dattijon manomi. Da na bincika sai na gane ya ƙara wata ƙwayar a kan ta farko. Yana shan ta hana barci a hanya, in ya sauke kaya kuma barcin ya ƙi zuwa sai ya sha ta sa barci. Da uban ya gano, sai ya kulle shi a ɗaki ya hana shi duka biyun rana ɗaya. Abin da ya jawo jijjigar ke nan. Na juya shi gefe, na yi masa 'yar ragowar allurar da ta rage mini, jikin ya lafa.

Malam Jibo ya ce, "Likita, ka sallame mu. An gaya mini wani wuri, can zan kai shi. Da ya mutu a titi gara ya zauna a mari."

Na ce, "Baba, in aka sa masa mari a wannan hali ba zai ga kaka ba. Abin nan zai dawo, kuma ba ni da sauran abin da zan tare shi da shi. Birni za a kai shi, yau ɗin nan."

Ya ce, "Wa zan bar wa gona? Ƙannensa ƙanana ne. In na tafi, me za mu ci?"

Gaskiya ya faɗa. Alhaja ce ta ɗaure ɗankwalinta ta ce, "Baba, koma gonarka. Ni zan ba da mota. Likita, kai za ka raka shi?"

Na nemi izini aka ba ni. Muka shimfiɗa katifa a bayan a-kori-kurarta, wani direba ya ja, na zauna na riƙe kan Haruna a cinyata har birni.

To a nan ku saurara da kyau, kada wani ya ce muku tallafi ba shi da amfani. Ba don shi ba da Haruna ya mutu. Abin da na gani a cibiyar da muka kai shi ban taɓa gani ba. Gadaje da zanin gado, sirinjin roba da ake yarwa bayan amfani ɗaya, ɗakin gwajin jini, kabad cike da magani. Shugabar wurin wata likita ce, Dakta Halima, mace mai kaifin ido da ƙarancin magana. Ta duba Haruna, ta yi mini tambayoyi, sannan ta ce, "Malam Idi, ka yi daidai da ka kawo shi. Ƙwayar barci ba a yanke ta rana ɗaya. Saukowa ake yi da ita kamar mai saukowa daga tsani." A gabana ta tsara yadda za a riƙa rage masa kaɗan-kaɗan. Da ta ji ni kaɗai ne a ɗakin baya, ta ce ai a cikin tallafin akwai horar da ma'aikata, ta nemo mini izini na zauna koyo.

Na zauna, na koya kamar sabon ɗalibi. Na koyi rage magani. Na koyi gane wanda ke tunanin hallaka kansa. Na koyi wani abu da na fara rainawa: a tara majinyata su zauna a da'ira, kowa ya faɗi abin da ke kai shi ga sha. Na ce a raina wannan ai hira ce. Sai da na ga wani babban ma'aikaci da wani mai turin kura suna ba juna shawara kamar 'yan uwa, sannan na daina raina abin. Gani ya kori ji.

Wata rana bayan zagayen safe Dakta ta tsayar da ni ta ce, "Malam Idi, ina mutanen wajenku? Ba sa zuwa. 'Yan kaɗan da suka zo kuma, in na sallame su ba na sake jin ɗuriyarsu sai an dawo da su a ɗaure."

Na ce, "Ranki ya daɗe, hanya ce da gona. Mutum zai iya zuwa sau ɗaya in rai ya yi halinsa. Amma ya riƙa dawowa karɓar magani, ba zai iya ba. In ya koma gida kuma ba mai tambayarsa ya ya kwana, sai mai sayar da ƙwaya."

Ta ce, "Abin da nake zargi ke nan." Ta ɗan yi tunani, ta ce, "An ce a yi wa majinyatan wannan cibiya aiki da tallafin. To wanda na kwantar na sallama, majinyacina ne ko yana Giade. Bari in gwada."

Ba a rana ɗaya aka yarda ba. Ta sha zirga-zirga wurin na gaba da ita, har na dawo Azare da Haruna ba a ce komai ba. Sai bayan kaka, wata safiya, ga farar mota a bakin ɗakin baya, Dakta a ciki da akwatin magani. Daga nan duk wata sai motar ta zo. Ba wani abu mai yawa ba ne, amma ya isa in riƙe wanda ba ya bukatar birni, in kuma bi sawun wanda ya dawo daga can. Na shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin darbejiyar bayan ɗaki na fara zaman da'ira. Na riƙa hawa babur ina bin mutanena gida-gida, Yana, Shira, Giade. Da labari ya bazu, masu zuwa gidan mari suka fara tsayawa wurinmu tukuna.

Aiki mafi wuya da na yi a kan Haruna ba a jikinsa na yi shi ba, a rumfar Alhaja na yi shi. Na same ta a kasuwa tana auna manja, na gaishe ta, na ce, "Alhaja, in Haruna ya koma hanyar Kudu yadda yake yi da, mun yi aikin banza."

Ta ajiye mazurari ta ce, "Likita, ni na ba shi ƙwaya? Ni da na kai shi birni da motata?"

Na ce, "Ba ke kika ba shi ba, kuma ba wanda ya yi masa abin da kika yi. Amma ke ce kike cewa kaya su iso kafin kasuwa ta ci. Shi kuma kunyarki yake ji. Mutum ɗaya, hanya mai nisa, ba hutu. Idon ɗan Adam ba fitilar mota ba ne."

Ranta ya ɓaci. Ta ce in tashi in ba ta wuri, masu ciniki na jira. Na tashi. A wannan aiki sai ka iya faɗin magana ka tafi ka bar ta ta yi aikinta. Ba a jima ba sai ga ta a ɗakin baya. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Babbar mota direba biyu zan sa mata. Haruna ya zauna a rumfa tukuna. In ka ce ya isa, in ba shi a-kori-kura ya riƙa kai ni kasuwannin ƙauye, da rana kawai."

Haruna bai ji daɗi ba. Mutumin da ya saba da babbar mota, yau ga shi yana jera galan a rumfa, abokansa na wucewa suna danna masa ham. Yana zuwa zaman darbejiya, amma fuska a ɗaure. Wata safiya na iso aiki na tarar da shi tsugune a bakin ƙofa. Tun kafin ya yi magana na ga hannunsa, farcen duk a ciccije.

Ya ce, "Likita, na sha. Jiya na bi ta tasha, wani ya miƙo mini. Na ɓata komai."

Na ce, "Wa ya kawo ka nan?"

Ya ce, "Ba kowa."

Na ce, "Karon farko a ɗaure aka kawo ka. Na biyu a kan tabarma. Yau ka zo da ƙafarka, ka faɗa da bakinka. Tashi mu shiga."

Ku sani, tuntuɓe yana cikin tafiyar. Ma'aikacin da ya yi fushi don majinyacinsa ya koma sha, ya koya masa ɓoyewa ne kawai. Muka zauna muka duba abin da ya kai shi tasha, muka canza masa hanyar komawa gida. A zaman da ya biyo baya shi da kansa ya ba sauran labari. Daga ranar ya saki fuska, har ya zama shi ke tarbar sababbin zuwa.

Da damina ta zagayo, Dakta ta duba shi ta ce ya isa. Alhaja ta miƙa masa makullin a-kori-kura.

Ba da daɗewa ba wata ranar kasuwar ƙauye babur ɗina ya lalace, ga shi ina da majinyacin da zan duba a Yana. Sai na bi su Alhaja, don can suka nufa. Ni da Alhaja a gaba, Haruna na tuƙi, a baya ga galan-galan na manja da wasu 'yan kasuwa da ta rage wa hanya. Mun makara tun daga gida, Alhaja sai duban rana take yi. Matar Haruna ba ta daɗe da haihuwa ba, ya ce jaririn bai bar su sun runtsa ba. Mun yi nisa, hantsi ya ɗaga, sai na ga yana murza ido. Can ya rage gudu, ya gangara gefen hanya, ya tsaya a ƙarƙashin wata tsamiya ya kashe mota.

Alhaja ta ce, "Lafiya? Taya ce?"

Bai dube ta ba. Hannunsa na kan sitiyari ya ce, "Alhaja, barci nake ji."

Na baya suka fara ƙorafi. Wani ya buga rufin mota ya ce, "Haba direba, kasuwa za ta watse! Ka tauna goro mana, ko ka nemi ɗan abin da zai buɗe maka ido!"

Wannan ba hurumina ba ne, na yi nawa. Alhaja kawai nake kallo. Ta dubi hanya, ta dubi rana, ta dubi Haruna. Sai ta buɗe ƙofa ta sauka, ta jawo tabarmar da take baza kaya a kai ta shimfiɗa a inuwa, ta naɗe gyalenta ta ajiye a matsayin matashi. Sannan ta juya wurin na baya, hannu a ƙugu, ta ce, "Mai sauri ya sauka, ga hanya nan, Allah ya ba shi ƙafa. Motata ce, manjana ne. Haruna, zo ka kwanta."

Ya sauko ya kwanta. Kafin a ce haka har ya fara minshari. Muka zauna a gindin tsamiyar muna kallon motoci na wuce mu. Wani ya ɗaga murya zai yi magana, Alhaja ta ɗora yatsa a baki, ya haɗiye.

Sai da rana ta take tsaka muka isa kasuwa. An kame wurare masu kyau, rabin manjan ma da shi aka dawo. A hanyar dawowa Haruna ya ce, "Alhaja, ki yi haƙuri, na jawo miki asara."

Ta ce, "Manja ba ya ruɓewa a kwana ɗaya. Kalli hanya."

Ya ci gaba da jan motar nan har girma ya kama shi, ƙafarsa ta gaza taka kuloci, kuma ko kaza bai taɓa takewa ba.